Garin furotin na masu ɗaga ƙarfe: dole ne sai na saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 22, nauyina kilo 65, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina. Wata uku ke nan ina zuwa wurin ɗaga ƙarfe, abokaina sun ce ƙwanjina ba zai fito ba sai na sayi garin nan da ake rubuta Whey a jikin robarsa. Mahaifiyata kuwa ta ce yana kashe ƙoda. Wa zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka taɓa lura da ruwan nan mai ɗan fatsi-fatsi da yake tsatstsafowa a saman kindirmo idan ya kwana a ƙwarya? To shi ne asalin garin da kake tambaya. Kamfanonin da ke yin cuku a Turai da Amurka suna tara irin wannan ruwa, su tace shi, su busar ya zama gari, su ƙara masa zaƙi da ƙamshi. Kusan kashi 20 cikin 100 na furotin ɗin madarar saniya, wato sinadarin da ke gina jiki, a cikin ruwan nan yake. Don haka abinci ne da aka tattara wuri guda, kuma furotin ɗinsa mai kyau ne, jiki yana saurin ɗaukarsa. Awo ɗaya na ludayin da ke cikin robar, wajen giram 30, yana ba da furotin giram 20 zuwa 25.

Mu yi lissafin jikinka. Mutumin da ba ya wani motsa jiki mai nauyi yana buƙatar wajen giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa kullum, wato giram 52 a gare ka. Mai ɗaga ƙarfe yana son tara tsoka kuwa, wajen giram 1.6 a kowane kilo ya wadatar, kai ke nan giram 104. Abin da ya haura haka da yawa ba ya ƙara wani ƙwanji na a-zo-a-gani.

Yanzu duba abin da ke hannunka. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, biyu da safe 12 ke nan. Kofi guda na dafaffen wake yana kai giram 13. Rabin litar nono, irin wanda za a dama maka fura da shi, wajen 16. Tsire ko balangu na giram 100, idan tsoka ce ba kitse ba, wajen 25. Gyaɗa giram 50, kamar cikin hannu biyu, wajen 12. Ka riga ka kusa 80, ba mu sa awara ba, ba mu sa ƙosai da ƙuli-ƙuli ba, ba mu ƙirga ɗan abin da ke cikin tuwo da shinkafa ba. Waken suya da ake yin awara da shi ma, busasshensa giram 100 yana ɗauke da furotin wajen 36, ya fi yawancin abin da muke ci. Abin yana damuna in ga matashi ya raina awarar da ake soyawa a bakin layinsu, ya je ya ci bashi don robar da aka shigo da ita da dala. Kuma iyayenmu da suke haɗa wake da shinkafa sun dace, domin abin da furotin ɗin hatsi ya gaza a kai wake yana cikawa, na wake kuma hatsi ya cika.

Ban ce garin ba shi da amfani ba. Ɗalibin da yake wuni a aji bai samu girki ba, ko wanda ba ya iya cin abinci da yawa, awo ɗaya a rana zai cike masa giɓi. Amma tsoka tana fitowa ne idan kana ƙara nauyin ƙarfen sannu a hankali, kana cin abin da ya ƙosar da kai, kana barcin awa bakwai zuwa tara. Wata uku kuma farawa ce.

Maganar Hajiya tana da tushe, kada ka yi watsi da ita. Ga mai lafiyayyar ƙoda, adadin da na lissafa ba a san shi da lahani ba. Wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu shi ne yawan furotin yake wahalarwa, kuma ciwon ƙoda yakan daɗe bai nuna alama ba. Idan kana da hawan jini ko ciwon suga, ko akwai mai ciwon ƙoda a gidanku, je asibiti a gwada jini da fitsari kafin ka fara. Ka kuma riƙa shan ruwa sosai, musamman a zafin bazara.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jabu. An sha samun kayan ƙara ƙwanji da aka cakuɗa da sitiroyid, wani magani mai ƙarfi na kumbura tsoka, ba tare da an rubuta ba, shi kuwa yana lalata hanta, yana taɓa zuciya da haihuwa. In za ka saya, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka tabbatar hatimin murfin bai ɓalle ba. Wanda ake aunawa a ƙulla a leda, ko da aboki ne ya kawo, kada ka karɓa. Idan madara tana kumbura maka ciki, nemi wanda aka rubuta Isolate, an rage masa sukarin madara sosai, sai dai ya fi tsada. Ka fara da dama rabin awo a ruwa kullum har kwana uku ka ga yadda cikinka zai karɓe shi.