Kafin Ka Ɗaura Akwati a Bayan Babur: Amsoshin Tambayoyi Kan Aikin Kai Saƙo

Tambaya: Ina zaune a Hotoro, Kano, na tara 'yan kuɗina. In sayi babur in fara dilibari da kaina, ko in fara da mashin ɗin kamfani?

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Ka yi ko da wata uku a ƙarƙashin wani, domin abin da ke kawo kuɗi a aikin nan kwastoma ne, babur kuwa kowa na iya saye. Mai sabon mashin da ba shi da masu kiransa zaman inuwa zai yi, ga mai yana ci. A hannun kamfani ko wata babbar 'yar kasuwa mai sayar da kaya ta WhatsApp da Instagram za ka san unguwanni, ka san farashin kowace tafiya, ka kuma gane ko bayanka zai jure wuni a kan sirdi.

Kafin ka sa hannu a takarda, tambayi yadda ake biya. Wasu albashi suke bayarwa a wata, mai da gyara nasu ne. Wasu kan kowane saƙo suke biya. Wasu kuma su ba ka mashin ka riƙa kawo balas kullum, ko an samu aiki ko ba a samu ba, kuma wannan ne ya fi kayar da sabon shiga. Tambaya mafi muhimmanci ita ce: idan na kai kaya mai shi ya ƙi karɓa, wa zai biya man da na ƙona? In babu wannan a rubuce, daga aljihunka zai fita. Yawancin kamfanoni za su nemi lambar NIN da mutum ɗaya ko biyu da za su tsaya maka.

In lokacin saye ya yi, ka zaɓi mashin ɗin da kowane bakanike ya sani kuma kayan gyaransa na kowane lungu, irin Bajaj Boxer ko TVS. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, shan mai ne ke raba riba da asara. Kada ka dogara da bakin dillali: cika tanki, rubuta lambar mita, ka yi aikinka, ka sake cikawa ka raba. Lafiyayyen ƙaramin mashin kan yi kilomita 40 zuwa 50 da lita guda a cikin gari. In ya gaza haka sosai, a duba filogi, kafireto da matatar iska.

Tambaya: Waɗanne kaya zan saya kafin ranar farko?

Hular kwano mai gilashi, rigar ruwa, mariƙin waya na kan hannun mashin, fawa banki, roba biyu ta ɗaure kaya, da manyan ledoji. Akwati shi ne inda mutane ke kuskure. Suna sayen ƙato, a ɗaura shi can baya ya wuce taya, sai gaban mashin ya yi sako-sako, ya riƙa rawa a kwana, ƙarfen kariya kuma ya tsage a wurin walda. A zaunar da shi kan tayar baya daidai, a ɗaure da noti huɗu da washa, a shimfiɗa soso a ƙasansa. Mai nauyi a ƙasa, mai fashewa a sama. Turare da abinci ba sa zama akwati ɗaya; wanda ya kai wa Hajiya cincin yana ƙamshin humra ya san abin da ake nufi.

Mashin ɗin dilibari yana tsufa da wuri saboda tsayawa da tashi. Baƙin mai, wajen lita ɗaya, a sauya shi duk kilomita 1,000 zuwa 1,500. Sarƙa a bar mata sassauci kamar faɗin yatsa biyu. In ta yi tauri za ta cinye haƙoran siroket, in ta saki za ta zame maka a tsakiyar titi. Da hunturu ƙura na toshe matatar iska cikin 'yan kwanaki, da damina kuma birki kan yi sanyi bayan an ratsa ruwa, sai a taka shi a hankali sau biyu ko uku ya bushe.

Tambaya: Ni mace ce, ƙanena zai fara wannan aiki, abin da ke tsorata ni shi ne kuɗin mutane da zai riƙa karɓa. Me zan gaya masa?

Tsoronki na kan hanya, Hajiya, domin yawancin waɗanda suka bar aikin nan da bashi ba haɗari ne ya kore su ba, lissafi ne. Ki gaya masa kada kaya su bar hannunsa sai ya ga kuɗin sun shiga cikin manhajar banki, ko wanda ya aiko shi ya tabbatar masa. Hoton rasit da saƙon alat duk ana ƙirƙirar su. Wanda ya ce "network ne, ka tafi zai shigo", a ce masa za a jira, ko a nemi mai POS a kusa.

Kuɗin kaya aljihunsu daban, kuɗin mai daban. Ranar da ya taɓa dubu biyu daga kuɗin kwastoma da niyyar zai mayar gobe, ranar ramin ya fara. Ya riƙa miƙa kuɗin kowace rana kafin ya kwanta, da ɗan littafin da ake sa hannu. Wajen ɗaukar kaya kuma, musamman waya daga Farm Centre ko atamfa daga Kantin Kwari, ya ƙirga a gaban mai shago, ya ɗauki hoto kafin a rufe da bayan an rufe. Gilashin waya in ya fashe, ba wanda zai yarda tun a shago ya fashe sai da hoto.

Akwai wanda ya fi asarar kuɗi muni. Kada ya karɓi ƙunshi a rufe daga hannun wanda bai sani ba. In jami'an NDLEA suka buɗe akwati a shinge suka sami ƙwaya, wanda ke kan mashin za a fara riƙewa, "aiko ni aka yi" kuwa ba ta fitar da mutum nan take. Ya nemi a buɗe a gabansa, ya rubuta lambar wayar mai aikowa da ta mai karɓa. Wanda ya ƙi buɗewa, ya bar masa kayansa.

Tambaya: Wace takarda ake nema, tunda an hana acaɓa?

Haramcin da aka sa a Kano a 2013, da wanda ke tsakiyar Abuja tun 2006, na ɗaukar fasinja ne. Saboda haka kada ka goya kowa kana kan aiki. Ka riƙe lasisin tuƙin babur, rukunin A, da lambar mashin, takardun mallaka, da inshora mai rai. Kamfanonin kai saƙo hukumar gidan waya, NIPOST, ke ba su lasisi, don haka ka nemi katin shaida daga wanda kake wa aiki. Izinin jiha da na ƙaramar hukuma kan sauya, sai ka je ofishin KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ko na VIO, masu duba lafiyar ababen hawa, da ƙafarka ka tambaya, ka kuma karɓi rasit kan duk abin da ka biya.

Tambaya: Me ya fi cinye lokaci?

Neman gida. Adireshi irin "bayan masallacin Juma'a, gida mai jan get" zai iya cin rabin awa. Ka kira mai kaya kafin ka tada mashin, ka tabbatar yana nan kuma kuɗinsa na hannu, ya turo maka inda yake ta WhatsApp. Ka jera saƙonni unguwa-unguwa, kada ka je Sharaɗa ka dawo Nassarawa ka sake komawa Sharaɗa. Gidan matan aure ba a kutsawa. Ka tsaya a ƙofa ka yi sallama, a aiko yaro, amma ka kira lambar ka ji muryar mai kayan kafin ka miƙa. In minti goma suka wuce ba a ɗaga waya ba, ka sanar da wanda ya aiko ka, ka wuce na gaba.