Hukuncin Mace Ta Biya Bashin Mijinta Da Zakkarta

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da atamfa da leshi a cikin gida, kuma zakkata ta bana ta kai naira dubu 200. Maigidana ƙaramin ma'aikaci ne, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 albashinsa ba ya kai mu ƙarshen wata. Mai kanti yana bin sa kuɗin abinci, ya kuma ci bashi a manhajar waya mai kuɗin ruwa don kuɗin makarantar yara, yanzu suna kiran 'yan'uwansa suna tozarta shi. Ni ma bara na ranta masa dubu 80. Zan iya ba shi zakkar, in kuma yafe masa nawa in lissafa a ciki? Wani malami ya ce mace ba ta ba mijinta zakka.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yaye muku, ya saka miki da alheri da kika yi tunanin rufa wa mijinki asiri. Basussukan nan uku hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Dubu 80 ɗinki ba za ta shiga lissafin zakka ba, mazhabobi huɗu sun haɗu a kan haka. Zakka fitar da dukiya ce a mallaka wa mabuƙaci, wannan kuwa kuɗi ne da kika ba da da niyyar rance. Kada kuma ki ba shi zakkar da sharaɗin ya dawo miki da ita a matsayin biyan bashinki. Ki jinkirta masa har ya samu, ko ki yafe don Allah.

Bashin mai kanti kuwa ki biya da zakkarki, zuciyarki a natse, domin mijinki yana cikin waɗanda bashi ya yi wa katutu da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata.

Malamin da ya hana ki yana da magabaci, domin ra'ayin Imamu Abu Hanifa ne. Hujjarsa ita ce miji shi ke ciyar da matarsa, abin da ta ba shi zai dawo mata ta tukunya. Amma ra'ayin ba shi da ƙarfi. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud ta aika tambaya wurin Annabi (SAW) ko sadakarta ga mijinta da marayun da ke hannunta za ta isar mata, ya ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Masu hanawa sun ce sadakar nafila ake nufi. Sai dai Annabi (SAW) bai tambaye ta farilla ce ko nafila ba, da hukuncin ya bambanta da ya bambance mata. Kuma dalilin da ya hana miji ba matarsa zakka, wato ciyar da ita wajibi ne a kansa, babu shi a nan, domin shari'a ba ta ɗora wa mace ciyar da miji ba. Shi ya sa Imamu Shafi'i ya halatta, haka ma manyan almajiran Abu Hanifa biyu, Abu Yusuf da Muhammad ɗan Hasan, suka saɓa wa malaminsu. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Khalil ya kawo fassara biyu ga maganar Imamu Malik, hani ko karhanci, amma Shehu Dardir ya bayyana cewa saɓanin ba ya shafar wadda ta ba mijinta don ya biya bashi. Ko hujjar dawowar amfani ba ta taɓa mas'alarki ba, tunda kuɗin hannun mai kanti za su tafi.

Bashin manhaja shi ne inda nake so ki tsaya. Riba ce, haramcinta ba ya buƙatar bayani. Malamai sun sharɗanta cewa wanda ya ci bashi ta hanyar saɓo ba a ba shi zakka sai ya tuba. To, ya daina? In har yanzu yana karɓowa daga wannan manhaja ya toshe waccan, kada ki sa zakkarki a ciki, zuba ruwa a kwando ne. In ya yi nadama ya ƙudurta ba zai koma ba, ki biya uwar kuɗin kaɗai, da izininsa, kai tsaye zuwa gare su. Ya nemi su sauke masa kuɗin ruwan. In suka ƙi kuma ba shi da mafita, ya biya daga aljihunsa yana ƙin abin a ransa. Kiran 'yan'uwa da ɓata suna zalunci ne ko a dokar ƙasa. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kafa wa waɗannan kamfanoni ƙa'idoji tun 2022, kuma tana karɓar koke. Ya adana saƙonnin da suka tura, ya kai ƙara.

'Yar'uwa, zakkar bana ba za ta hana bashin baɗi ba. Ku zauna ku biyu, ba gaban yara ba, ku rubuta duk wanda ke bin ku da adadinsa, da abin da ke shigowa a wata. Na ga gidaje da yawa inda matar ba ta san rabin bashin da ke kan mijinta ba sai ranar rasuwa. Kuɗin makaranta an san lokacinsa, ya shiga adashi da za a kwasa kafin zangon karatu, ko ya mai da yaran makarantar da ƙarfinsa zai iya; babu abin kunya a ciki. Anko da gudummawar biki su dakata. Ya fuskanci mai kanti ya faɗa masa gaskiyar halinsa, gudun mai bin bashi ya fi rashin biyan ɓata masa rai. In zakkarki ba ta isa ba, ya nemi hukumar zakka ta jiharku in akwai, kamar yadda Kano da Sakkwato suke da ita, ko masu hali cikin danginsa.

Ina kuma yi miki gargaɗi da gori. Ran da aka samu saɓani kada ki ce da shi ke kika fid da shi kunya, aya ta 264 a Suratul Baƙara ta ce gori yana ɓata sadaka. Kada danginki ma su ji. Shi kuma ya lizimci addu'ar da Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Ali: Allahummak fini bi halalika an haramika, wa agnini bi fadlika amman siwaka.

Wallahu a'alam.