Kan maganar wanda zai gaji liman

Ɗana, ka ce sahu yana raguwa a masallacinku, liman ya tsufa, kana kuma tsoron kada tayar da maganar magaji ta zama kamar ana yi masa fatan mutuwa. Ba rashin ladabi ba ne. Annabi (SAW) da kansa ya sa Abubakar ya ja salla a ciwon ajalinsa, shekara ta 11 bayan hijira. Da aka soki Umar a sallar Asuba, sai ya jawo Abdurrahman bin Auf gaba ya ƙarasa sallar.

Ladabin yana wajen wanda zai furta. Kada ku matasa ku kawo ta a taro. Ku sami dattawa biyu da liman yake jin nauyinsu su same shi a gida, sunan na'ibi ya fito daga bakinsa. Limanci ba gado ba ne. Ɗansa in ya cancanta, madalla. A Malikiyya wanda ya fi sanin fiƙihun salla yana gaban wanda ya fi hadda, don haka kada daɗin murya ya ruɗe ku. A gwada wanda za a zaɓa a ƙabli da ba'adi, da abin da zai yi in alwalar liman ta karye ana tsakiyar salla.

Na'ibi biyu za a tanada, don ɗaya yana iya yin ƙaura. A fara ba su Azahar da La'asar, sannan sallolin bayyane, daga baya huɗuba sau ɗaya a wata liman yana zaune yana saurare. Su riƙa tsayuwa daidai bayansa. Takardar filin masallaci da asusun kuɗi su fita daga hannun mutum ɗaya, a sa hannu biyu.

In aka bari sai bayan rasuwa, iyalan liman su ja, mai ginin ya ja, jama'a ta rabu. Ga ku 'yan kaɗan, Juma'a kuwa a Malikiyya sai da maza 12 mazauna, ban da liman, daga huɗuba har sallama.

Batun raguwar kuma, da Asuba ake ƙirga mutane, Juma'a tana ɓoye gaskiya. Ku bi waɗanda suka daina zuwa ku tambaye su ba da faɗa ba. Wani lokacin aiki ne, wani tsawaita karatu, abin da Annabi (SAW) ya tsawata wa sahabi Mu'azu a kansa. A gaida mahaifiyarka.