Amsa: Shin beyar irin kura ce?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko beyar mai ruwan ƙasa dangin kura ce. A'a, ko kusa, wata babbar dabba ce mai yawan gashi ta ƙasashen sanyi, kuma babu ita a dajinmu. Mafi yawansu suna Rasha. Ta tsibirin Kodiak a jihar Alaska ta Amurka kuwa ƙatuwa ce, babban namiji kan kai kilo 600, ya fi yawancin bijiman da muke gani a kara gabanin layya. Kifi take ci da 'ya'yan itace, har saiwa takan tono. Da sanyi ta shige rami ta yi watanni tana barci, ba ci ba sha. Mu nan Samaru hunturun wata biyu ma kuka muke! Ba ta cika farautar mutum ba, amma uwa mai 'ya'ya kam, kada Allah ya haɗa ka da ita.