Me ya sa wani jirgin ruwa ke ɗaukar awa biyu kafin ya nutse, wani kuma ya kife cikin minti biyu

Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure, barkanmu da warhaka. Malam, na saurari muryar da ka turo, inda kake tambaya wai yaya aka yi Titanic, jirgin 1912, ya ɗauki awa 2 da minti 40 kafin ya nutse, amma jiragen zamani masu na'urori iri-iri sai a ji sun kife cikin 'yan mintoci. Ku yi mini haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

To, nutsewa daban, kifewa daban, a nan amsar take. Titanic nutsewa ya yi. An raba cikinsa ɗaki 16 da bangon ƙarfe, an kuma ƙera shi yadda ko ɗakuna 4 na gaba sun cika da ruwa ba zai tafi ƙasa ba. Dutsen ƙanƙarar da ya ci karo da shi ya buɗe fiye da huɗun. Bangayen kuma ba su kai har sama ba, saboda haka da goshin jirgin ya sunkuya, sai ruwa ya riƙa tsallakawa daga wannan ɗaki zuwa na bayansa. Amma ku lura, duk tsawon lokacin nan jirgin bai kwanta a gefe ba, kusan a miƙe yake, shi ya sa aka iya sauke kwalekwalen ceto. Abin da ya kashe mutum wajen 1,500 a daren nan shi ne kwalekwale 20 ne kawai, masu ɗaukar mutum 1,178, alhali mutanen cikin jirgin sun haura 2,200. Daga wannan hatsari aka samo yarjejeniyar kare rayuka a teku da ake kira SOLAS, ta farko a 1914, wadda ake aiki da ita yanzu kuma ta 1974 ce.

Kifewa kuwa maganar daidaito ce. Nauyin jirgi yana danna shi ƙasa, ruwa yana tura shi sama. In igiyar ruwa ta karkatar da shi dama, ɓangaren daman ya ƙara shiga ruwa, ruwan sai ya ƙara tura wannan ɓangaren, jirgin ya dawo daidai. Wannan dawowar tana aiki ne muddin nauyin yana ƙasa-ƙasa kuma yana zaune wuri guda. Ranar da nauyin ya fara bin jirgin duk inda ya karkata, shi ke nan, an shiga uku.

Babu nauyin da ya kai ruwa iya bin jirgi. Ka zuba ruwa a faffaɗan tire ka ɗauka ka yi tafiya, ka ga yadda kake ɗan karkata hannu duk ruwan ke rugawa gefe guda ya rinjaye ka. Ruwan nan dai in a kwalba yake cike, ko da gudu za ka kai shi. Yanzu ku yi lissafin da ni. Jirgin fito mai ɗaukar motoci yana da bene guda buɗaɗɗe daga goshi har ƙeya, babu bango a tsakani, don motoci su shiga ta nan su fita ta can. A ce tsawonsa mita 100, faɗinsa mita 20. Ruwa ya shiga ya kai santimita 10 kacal, iya idon sawu. Tan 200 ke nan. Jirgin na ɗan karkatawa, tan 200 ɗin nan sun koma gefen da ya yi ƙasa, karkatar ta ƙaru, ruwan ya ƙara taruwa a can, motoci su tsinke ɗauri su bi shi. Kuma faɗin wurin ne matsalar, fiye da yawan ruwan. In ka raba tanki biyu da bango ɗaya a tsakiya, daga gaba zuwa baya, illar tana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa ma'aikatan jirgi suka fi son tanki ya zama cike taf ko wayam, ba rabi-rabi ba.

Abin da ya faru da Herald of Free Enterprise ke nan ranar 6 ga Maris 1987. Ya tashi daga tashar Zeebrugge ta Beljiyam ƙofofin goshinsa a buɗe. Wanda aikinsa ne ya rufe su barci ya kwashe shi, a ɗakin tuƙi kuma babu ko fitila ɗaya da za ta nuna wa kyaftin ƙofa a rufe take ko a buɗe. Ƙari a kan haka, an zuba ruwa a tankunan gaba don goshin ya sauka daidai gadar lodin motoci, ba a gama fitar da shi ba. Jirgin na ƙara gudu, ruwa ya hau ya shiga benen motoci. Cikin daƙiƙa wajen 90 ya kwanta a gefe, a teku mai lafiya, tashar ma ana hango ta. Mutum 193 suka rasu. Da ba don ya faɗa kan tudun yashi ba, rabinsa ya tsaya a waje, da adadin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Jirgin Estonia ma haka, 28 ga Satumba 1994, a tekun Baltik tsakanin Tallinn da Stockholm. Igiyar ruwa ta karya makullan murfin goshinsa, murfin ya cire ya janyo gadar motoci ta buɗe. Mutum 989 ne a ciki, 852 suka rasu, yawancinsu ko fitowa waje ba su samu yi ba.

Wanda ya fi ba ni takaici a irin waɗannan shi ne Al-Salam Boccaccio 98, a Bahar Maliya, Fabrairun 2006, daga Duba ta Saudiyya zuwa Safaga ta Masar. Shi ba huda ya yi ba. Gobara ce ta tashi a benen motoci, aka yi ta feshin ruwa don kashe ta, magudanan da ya kamata su fitar da ruwan suka toshe. Wato da hannunsu suka zuba ruwan da ya kifar da su. Sama da mutum 1,000 suka tafi. Saboda haka duk wanda ya san aikin zai gaya maka, kashe wuta a jirgi aiki uku ne a lokaci guda: wani na fesawa, wani na duba magudana da famfon fitar da ruwa, wani kuma idonsa na kan ma'aunin karkata.

Sai maganar lodi, kuma a nan akwai wata dabara ta ha'inci da ya kamata ku sani. A jikin kowane babban jirgi, wajen tsakiya, akwai zanen da'ira da layi ya ratsa ta, ana ce masa layin Plimsoll, sunan ɗan majalisar Ingila Samuel Plimsoll da ya yi fafutukar dokar a 1876. In ruwa ya rufe layin, lodi ya wuce ƙima. Layin ma ba ɗaya ba ne, akwai na ruwan daɗi, na ruwan gishiri, na lokacin sanyi, domin ruwan gishiri ya fi ɗaga jirgi. To a can ƙasan jirgi akwai tankunan ruwan balas, ruwan teku ne da ake ɗura wa jirgi da gangan don nauyinsa ya zauna ƙasa. Mai son kuɗi sai ya ƙara kaya a sama, ya zubar da balas a ƙasa. Jimillar nauyi ba ta canja ba, layin yana nan a waje, mai duba jirgi ya kalla ya ce lafiya lau. Alhali an ɗauke nauyi daga gindi an ɗora a ka.

Sewol na Koriya ta Kudu ke nan, 16 ga Afrilu 2014. An ƙara masa ɗakuna a sama bayan an sayo shi, aka ce to daga yau kayansa kada su wuce tan 987, kuma ya riƙa ɗaukar balas mai yawa. Ran da abin ya faru kayan sun ninka haka fiye da sau biyu, balas bai kai yadda aka ce ba, ɗaurin kayan kuma na jeka-na-yi-ka. Ya sha kwana da ƙarfi sau ɗaya, kaya suka zame gefe, bai sake miƙewa ba. Mutum 304 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar sakandare.

Akwai alamar da ko fasinja zai iya ganewa. Jirgi mai lafiya in ya karkata yana dawowa da kuzari. Wanda nauyinsa ya hau sama kuwa a hankali yake lilo, ya je gefe ya ɗan tsaya kamar yana shawara, sannan ya dawo da ƙyar. Mutane sukan ji daɗin irin wannan tafiyar don ba ta jijjiga su, amma ita ce mai haɗarin.

Mutane ma lodi ne, kuma lodi mai ƙafa. Le Joola na Senegal, daga Ziguinchor zuwa Dakar, an yi shi don mutum ƙasa da 600, ya ɗauki wajen 2,000, da yawa suna kwance a benen sama. Iska ta same shi a gaɓar Gambiya daren 26 ga Satumba 2002, ya kife cikin 'yan mintoci. Adadin waɗanda suka rasu a hukumance 1,863, ya fi na Titanic, mutum 64 kacal suka tsira. Jirgin fito mai suna Nyerere kuma a tafkin Victoria na Tanzaniya, 2018, saura ƙiris ya isa gaɓa, ga lodi ya yi yawa, jama'a suka taru gefe guda don shirin sauka, ya juye da mutum sama da 200.

Jiragen dakon ma'adinai nasu salon daban ne. Ƙasar nikel ko bauxite in an loda ta da laima, girgizar inji da bugun igiyar ruwa sai su matse ta, ruwan ya taso, kayan da aka loda a matsayin ƙasa su koma taɓo mai gudana. Bulk Jupiter haka ya tafi a Janairun 2015 kusa da Vietnam, mutum 19 a ciki, ɗaya ya rayu. Doka ta ce kowane irin wannan kaya yana da iyakar laimar da za a ɗauke shi da ita, kuma sai an kawo takardar gwaji kafin lodi. Akwai kuma gwajin gwangwani da ake yi a bakin tasha: ka samu gwangwani mai cin rabin lita zuwa lita 1, ka zuba kayan zuwa rabi, ka buga gindinsa a kan abu mai tauri daga tsayin santimita 20, sau 25, tsakanin kowane bugu daƙiƙa 1 ko 2. In ruwa ya fito a sama, a dakatar da lodi. In bai fito ba, wannan bai wanke kayan ba, sai dai ɗakin gwaji ya faɗa.

Yauwa, sai abin da ke faruwa bayan jirgi ya fara karkata, wanda a ganina shi ne ke yanke yawan waɗanda za su mutu. Kwalekwalen ceto an tsara su ne a iya sauke su har jirgi ya karkata digiri 20. Ya wuce nan, na ɓangaren sama sai su kwanta a jikin jirgi su ƙi sauka, na ɓangaren ƙasa su yi nesa da mai shiga. A ciki kuma matakala ta zama bango, lungu mai faɗin jirgi ya zama rijiya, ƙofa ta koma saman kai. Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairu 2012, ya yage wajen mita 50, amma aka shafe kusan awa guda ana ce wa fasinjoji matsalar lantarki ce. Mutum 32 suka rasu, kyaftin ɗin, Francesco Schettino, aka ɗaure shi shekara 16. A Sewol kuwa lasifika ce ta yi ta cewa kowa ya zauna inda yake, yaran suka yi biyayya. Bayan Concordia ne aka mayar da shi dole a yi wa fasinjoji atisayen gaggawa kafin jirgi ya bar tasha ko da zarar ya tashi.

Don haka wanda zai hau, ya riƙe wannan. Ƙahon gaggawa busa 7 ne gajeru sai ɗaya dogo. Kana shiga ka nemi wurin taruwar da aka rubuta a bayan ƙofar ɗakinka, ka taka hanyar da ƙafarka, ka ƙirga ƙofofi, domin ranar da ake buƙata wataƙila babu wuta. In jirgi ya karkata ya ƙi dawowa, kaya suna zamewa a ƙasa, ka hau sama zuwa fili, kada ka koma ɗaukar jaka, kada ka shiga lifta. Ka ƙara tufafi masu kauri. Rigar ceto a ɗaure ta tamau, har da igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi in tana da ita, in ba haka ba kana faɗawa ruwa za ta haura ta rufe maka fuska. In irin wadda ake hurawa ce, kada a hura sai an fita waje, don a cikin ɗakin da ruwa ya cika manne ka za ta yi da rufi. In dole sai an yi tsalle, a duba ƙasa tukuna, ƙafafu a haɗe, hannu ɗaya ya toshe hanci da baki, ɗayan ya danne rigar.

Ruwan sanyi kuma ba sanyin ne ke fara kashewa ba. Minti na farko numfashi ne ke ƙwacewa, mutum ya yi ta haki ba da sonsa ba, in kansa na cikin ruwa ya shaƙa. A wannan mintin kada a yi iyo, a bar rigar ta riƙe mutum har numfashi ya daidaita. Daga nan akwai kamar minti 10 da yatsu da hannuwa ke da ƙarfi, a cikinsu ake kama igiya ko a hau wani abu. Bayan haka sai a naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, in kuna da yawa ku rungumi juna. Waɗancan fararen gangunan da kuke gani a jere a gefen bene kuma, kwalekwalen roba ne a naɗe a ciki. Suna da wata 'yar na'ura da ke yanke ɗaurin da kanta in jirgi ya nutse kafin ya kai zurfin mita 4, gangar ta taso, igiyarta ta ja, kwalekwalen ya hura kansa. Sai dai in wani ya ƙara mata ɗauri da igiya ko sarƙa don kada ta yi ta ƙara a hanya, to da jirgin za ta tafi ƙasa. Wassalamu alaikum.