Amsa ga mai tambaya kan Optimus Prime da bai yi kama da na katun ba

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce ka sayo wa ɗanka Optimus Prime, jarumin Transformers, abin wasan nan da ke rikiɗewa daga mota ya zama mutum-mutumi, a wurin masu gwanjo, mota mai dogon hanci, shuɗiya da zanen harshen wuta ja. Yaro ya jujjuya ta ya ce ba shi ba ne, domin wanda yake gani a katun ja ne mai shafaffiyar fuska, na littafin zanen da ke gidan kuma wata kamar daban. Kana so ka san ko jabu aka sayar maka, kuma wanne ne na ainihi.

Ka kwantar da hankalinka. Abin da ka siffanta Optimus ne na fim ɗin 2007, wanda aka yi da kan tirelar Peterbilt mai dogon hanci. Wanda yaron ya sani shi ne na 1984. Dukansu Optimus ne, kuma yaron bai yi ƙarya ba, idonsa ya gani daidai. Na haura shekara 20 ina tsintar waɗannan kaya a cikin buhunan gwanjo, ina wankewa ina gyarawa, kuma ban taɓa riƙe guda ɗaya da ya yi daidai da katun ɗinsa sak ba.

Dalilin yana can tun tushe. Mutane da yawa suna zaton katun aka fara yi sannan aka ƙera abin wasan. A'a, abin wasan ne ya riga. Kamfanin Takara na Japan yana da jerin kaya guda biyu, Diaclone da Micro Change. Kamfanin Hasbro na Amurka ya karɓi izinin sayar da su, ya haɗa su wuri guda a 1984 da sunan Transformers, ya nemi Marvel, masu buga littattafan zane, ta ƙirƙira musu labari. Bob Budiansky na Marvel ne ya raɗa wa yawancinsu suna, ya rubuta halin kowa. To a Diaclone waɗannan mutum-mutumin ba masu rai ba ne, injuna ne da ƙananan mutane ke shiga su tuƙa. Shi ya sa idan ka samu tsohon Optimus ka buɗe ƙirjinsa za ka tarar da wurin zama a ciki, na direbobin da ba a zo da su Amurka ba.

Wanda abin ya fi fitowa fili a kansa shi ne Ironhide. Ranar da na fara samunsa, 'yar jar bas ƙirar Nissan, na zauna a tsakar gida ina ta neman inda aka ɓoye kan. Na buɗe nan na buɗe can, na ɗauka ya karye ya ɓace a buhu. Ashe ba shi da kai sam. Gilashin gaban motar ne a sama, a bayansa kujerar direba, an manna mata 'yar sitika mai zanen fuska. Haka Ratchet, motar asibitin, don zubinsu ɗaya ne, launi da fitilar saman motar asibitin ne suka bambanta. Masu katun suka ga ba yadda za a yi yaro ya so jarumin da ba shi da kai, sai suka zana masa kai da wuya da kafaɗu, suka sauko da gilashin ya zama ƙirji. Yaran 1984 da suka sayi Ironhide sun yi irin ƙorafin da ɗanka yake yi yau, nasu ma ya fi ƙarfi.

Shi katun da hannu ake zana shi a lokacin, hoto bayan hoto, dubbai a kowane kashi. Duk wani noti, taya ko sitika da aka bari, sai an sake zana shi sau dubu. Don haka aka rage. An fara zanen a Japan, sannan Floro Dery, mai zane ɗan Filifin, ya ƙara sauƙaƙa su. Dubi tsohon Optimus na hannu: tayoyi a ƙugu da ƙafafu, idanu rawaya, hannaye kuma dabam suke zuwa, sai ka soka su a ramin fitilun gaba, shi ya sa da wuya ka samu na gwanjo da hannayensa biyu. A katun tayoyin sun ɓace, idanu sun koma shuɗi, jiki ya miƙe kamar na ɗan dambe. Ita kuwa tirelar da yake ja, da zarar ya tashi tsaye sai ta sulale ta fita daga hoton, ba wanda ya ce ga inda ta tafi. Alƙalami yana iya wannan, roba da ƙarfe ba sa iyawa.

Littafin zane na Marvel ya faɗo a tsakiya. An shirya shi fitowa 4 kawai, ya yi kasuwa har ya kai 80 kafin ya tsaya a 1991. A farkon fitowa masu zanen sun kalli abin wasan a wasu wurare, har Ratchet da Ironhide suka bayyana da siffarsu ta marasa kai, daga baya aka koma bin zanen katun. Launi ma ya sha bamban, Soundwave, mai rikiɗewa ya zama rediyon kaset, da muka sani shuɗi ya riƙa fitowa da ruwan shanshanbale. Akwai kuma rigimar da har gobe ba ta mutu ba tsakanin masu son abin: Rumble da Frenzy, ƙananan nan biyu masu rikiɗewa su zama kaset. A kwali da littafi Rumble ne ja, Frenzy shuɗi. A katun aka juya su. Ni na kwali nake bi, don shi na fara riƙewa, amma ba na jayayya da wanda katun ya raina.

Wani sauyin kuma ba ruwansa da zane, maganar haƙƙin mallaka ce ko doka. Jetfire ba kayan Takara ba ne, jirgin Valkyrie ne na katun ɗin Japan mai suna Macross, wanda wani kamfani, Takatoku, ya ƙera. Da aka zo katun sai aka sake masa siffa gaba ɗaya, aka kira shi Skyfire. Marvel ta ɗauki siffar katun amma ta riƙe sunan Jetfire. Ka ga abu ɗaya, suna biyu, jiki biyu. Megatron kuma, babban abokin gabar Optimus, ƙaramar bindiga ce ƙirar Walther P38, mai kama da ta gaske ƙwarai, har kunamarta tana nan a jikinsa idan ya tashi. A 1988 Amurka ta yi dokar da ta tilasta sa wa bindigogin wasa alama, abin ya yi wa irinsa wuya, zuwa 1993 ya dawo a matsayin koriyar tankar yaƙi. Tun daga nan yawancin Megatron da za ka gani tanka ne ko jirgi.

Daga fim ɗin katun na 1986 al'amarin ya fara juyewa, aka zana irin su Hot Rod da Galvatron tukuna sannan aka ƙera abin wasan. Yau kusan haka ake yi kullum, kuma nan ne nake da magana. Jerin Masterpiece da Takara ta fara a 2003 manya ake yi wa, waɗanda suka girma da katun suna son abin da suka gani a talabijin ya tsaya a kan teburinsu. Aikin injiniya ne na ban mamaki, ban musa ba. Amma don a kai ga wannan kamannin, sai a ninke gaban motar na gaske a cusa shi a baya, a fito da wani na ado a manna a ciki. Wannan bai kwanta mini ba. Abin da ya sa na kamu da son tsohon Optimus shi ne gilashin da direba ke leƙe ta ciki shi ne ƙirjinsa, ƙafafun da yake tsayawa a kai su ne bayan motar, yaro yana gani da idonsa yadda wannan ya zama wancan. Na fi son mai ɗan muni da ba ya ɓoye komai a kan kyakkyawan da rabin jikinsa a goye yake.

Saura maganar jabu, don akwai shi da yawa, sai dai ba a kamanni ake gane shi ba. Ka kifa motar ka duba ƙarƙashi ko cikin ƙafa, na gaske yana da tambarin Hasbro ko Takara, ko Tomy a na baya-bayan nan, da shekara, a zube cikin robar. Masu kwaikwayo ma suna kwafar tambarin wani lokaci, don haka ka haɗa da hannunka: robar jabu ba ta da nauyi, gefenta na da kaifi, gaɓoɓin ko su yi sako-sako ko su ƙage, fentin kuma yana fita a farce. Idan wata gaɓa ta ƙi motsi kada ka bari yaro ya tilasta ta, yawanci akwai wani ɓangare da ya kamata a fara buɗewa. Kada kuma a ɗiga mata sufa gulu, na ga da yawa da aka kashe da haka.

Shi kuma yaron, ka nemo masa hoton Optimus na 2007 a waya ka ajiye kusa da motar tasa, ya gwada harshen wutar da hancin da kansa. Sannan ka ɗauko mana hoton ƙarƙashin motar ka turo nan, inda rubutun yake, in duba maka shekarar da wane zubi ne.