Ki Tambayi Anti: A bar wa ƙanin ango ɗaukar hoton bikina?

Assalamu alaikum Anti. Saura wata biyu bikina, cikin hunturu za a yi. Mai hoton da aka nuna mana ya daɗe yana aikin biki, amma ango ya ce kuɗinsa ya yi yawa, a bar wa ƙaninsa tunda iPhone gare shi. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba.
Ƙanwarki daga Tudun Wada, Zariya.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya.

Ki ɗauki mai hoton. Ba wayar nake rainawa ba, tana fitar da hoto mai kyau. Ƙanin ango ɗan biki ne. Shi za a aika ya ɗauko motar kai amarya, shi zai raba goro da alewa a wurin ɗaurin aure, abokansa su ja shi gefe. Lokacin da iyaye mata za su zaunar da ke a yi miki faɗa, kina kuka cikin lulluɓi, yana ina? Wannan zaman ba a maimaita shi don wani bai shirya ba.

Wanda ya daɗe a sana'ar ya san abin da ke biye da wane. Ya san inda zai tsaya kafin liman ya ɗaga hannu a shafa fatiha, ya san a wurin kamu dangin ango ta wace ƙofa za su shigo da turare. Sannan ga haske, wanda shi ne ya fi ba sababbin hannu wahala a bukukuwanmu. Farar shadda a tsakar rana tana ƙwace haske, sai babbar riga ta fito fes, fuskar mai ita ta yi duhu, hula kuma ta ƙara mata inuwa. Da dare fitilun ɗakin taro masu launi kan mayar da kwalliyar amarya shuɗiya, ga hazon hunturu da ke dusashe hoton waje. Gwani ya sha fama da waɗannan, yana zuwa da fitilarsa da batir na ko-ta-kwana. Manyan kyamarorin Canon da Nikon da yawa suna da gidan katin ajiyar hoto (memori) biyu, ana iya saita su kowane hoto ya sauka a wuri biyu, ko ɗaya ya lalace ba a rasa ba.

In kuɗi ne matsalar, ku rage kwanaki. Mai hoton ya ɗauki kamu, ɗaurin aure da kai amarya, ƙanin ango ya ji da sa lalle da walima.

Kafin ku ba da kafin alƙalami, ki ce ya nuna miki hotunan biki guda daga farko har ƙarshe, ba zaɓaɓɓun da ya sa a Instagram ba. Ki tambaya ko yana da mace a cikin ma'aikatansa, don gidaje da yawa ba za su bar namiji ya shiga cikin matan aure ranar yini ba. Ku rubuta ranar da zai kawo aiki, kuma a filashi (ɗan abin ajiyar da ake soka wa kwamfuta) zai ba ku, domin WhatsApp yana rage ingancin hoto. Abin da na fi damuwa da shi, a rubuta cewa ba zai sa hotonki ko na ƙawayenki a intanet ba sai da izininki da na mijinki. In ya yi gardama a kan wannan, ku nemi wani.